Kujerar da Ke Juyawa

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka? Yaya Inna da Auta? Ni lafiyata ƙalau, aiki kuma alhamdulillahi.

A shagonmu tsofaffin kujeru muke gyarawa, irin na shekara saba'in baya. Satin farko na sha faɗa. An kawo wata mai ƙafar ƙarfe guda ɗaya, jikinta kamar rabin ƙwarya, fatar duk ta koɗe. Na ɗaye ta na sa sabuwa fil, yadda ka koya mini. Mai shago ya dafe kai kamar an yi rasuwa! Ashe tsufan ake saye. Yanzu in na ga tabo sai dai in shafa masa mai.

Abu ɗaya naka ban bari ba: ba na sallamar kujera sai na zauna a kanta. A gida kai za ka fara zama, Inna ta ce ta yi tauri, Auta ta ture ka ta haye. Waɗannan kuwa juyawa suke yi. Wai an yi su ne don ka fuskanci duk wanda ya yi magana ba sai ka tashi ba. Jiya na zauna na juya har na dawo inda na fara. Ba wanda ya yi magana.

Kada Inna ta ji wannan. Ka dai ce wa Auta ta turo mini muryarku a waya, ko da faɗa kuke yi. Zan ajiye wayar a bayana, in juyo.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka.