Daimon Mai Ɗigon Baƙi

Daren Laraba, Sharaɗa

Yau da na tashi daga aiki na biya wajen Alhaji mai zinare, in zaɓo daimon ɗin zoben 'yata Hauwa. Mahaifiyarta Binta ce ta yi mata alkawari kafin ta rasu, ni aka bar wa cikawa.

Ya jera mini uku, ya miƙo ɗan gilashinsa mai ƙara girma. Na farko dishi-dishi yake, kamar an hura masa numfashi, ba ya walƙiya. Na biyu yana da ɗigon baƙi a gefe. Shekara ashirin ina ware kwalba mai tabo a kamfani, hannuna ya saba, sai na ture shi na ɗauki na uku.

Alhaji ya ce, "Malam, wannan fa ba kwalba ba ce. Ku duba, na ukun da kuka ɗauka tsaga gare shi siririya, in ya bugu zai iya darewa. Ɗigon nan kuwa zinaren zai rufe shi."

Na karɓi mai ɗigon. Na shigo gida da murnata, har na ɗaga murya na ce, "Binta, zo ki gani."

Fanka ce kawai take juyawa.