Duwatsu Huɗun da Kika Binne a Gona

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Ko da kina raye ma sai an nemo mai karanta miki, kina tsayar da shi kina cewa, "Koma baya, a hankali, ba kora ake yi ba." To, a hankalin na rubuta. Masu karantawa a waya su yi mini haƙuri, da tsohuwata nake magana. Amma wanda yake da gona a hannun masu haƙar mai, ya matso kusa.

Daga Guangzhou nake rubuto miki, wurin mutanen nan da kike cewa suna cin tuwo da tsinke. Har yanzu jakunkunan mata nake saye ina turawa Kano, gemu ya yi fari fat, gwiwa ta fara ƙorafi. Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wa'adin masu mai ya cika. Gonarmu ta Bakin Kuka ta dawo hannunmu.

Kin tuna shekarar da suka zo, ba a daɗe da rasuwar Baba ba. Suka ce man da ke ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne, amma saman ƙasar namu ne, shi suke so haya, gonaki bakwai a haɗe, na shekara goma sha biyar. Gari ya ɗauki murna. Ke kaɗai kika yi tambaya a ƙofar dagaci, daga bayan mayafi: "In katafila ta share gamba, wa zai san inda gonar wani ta tsaya?" Aka ce ai akwai takarda. Kika ce takarda ba ta taɓa yin noma ba.

Ana saura kwana uku su kewaye gonakin da wayar shinge, kika aika aka kira ni daga Kano. Na zo da farar riga, magidanci mai 'ya'ya huɗu, kika miƙa mini diga, kika ba ƙanena Sani shebur. Rami huɗu muka haƙa a kusurwoyin gonar, kowanne sai da ya kai mini ƙirji. A uku kika sa duwatsun murhunki, baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. A na huɗu kika sa dutsen niƙan da aka kawo ki gidan Baba da shi. Na yi gunaguni, Inna, ba zan ɓoye ba. Maƙwabcinmu na yamma, Malam Barau, ya jingina da fartanyarsa yana dariya, yana cewa, "Uwar Sani ta shuka murhu, bana tuwo zai tsiro da miyarsa."

Kika ci gaba da aikinki. Kika sa aka kwance igiyar gugan rijiyar gidanmu, muka auna tun daga gindin kuka, kika mai da awon waƙa irin ta cikin tatsuniya: "Kuka, kudu igiya biyu, ga baƙi. Gabas bakwai, ga ƙanensa. Kudu tara, ga autansu. Yamma bakwai, ga amarya." Sai da muka rera miki sau uku kamar 'yan makarantar allo kafin kika bar mu muka sha fura. Da muka nufi gida kika ce, "Abin da ka ba da aro, ranar karɓa ake buɗe ido, ba ranar bayarwa ba."

Shekara shida bayan nan kika tafi. Maganar ta kwanta a raina kamar yadda duwatsun suka kwanta.

Wata tsohuwa 'yar Sin ce ta tono mini ita. A watannin baya na tashi daga wani sito da na daɗe ina haya kusa da kasuwar Shisanhang. Na kai wa mai wurin mabuɗinta, ta ƙi karɓa. Wata 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta kunna tocila da tsakar rana, ta bi kusurwa kusurwa, har ta tsaya a wani rami da muka huda a bango. Na ce haka na same shi. Ta zaro wayarta, ta nuna mini hoton bangon tun ranar da na shiga, ta ce "meyo", wato babu. Abokina Alhaji Issaka, mutumin Kumasi da ke yi mana lodin kwantena, ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce, "Alhaji, nemo siminti kawai. Wannan tsohuwa ko aljani ne ya ari ɗakinta sai ya share kafin ya fita." Na toshe ramin ina jin haushi, ina kuma jin kamar na san wannan tsayuwar tata a wani wuri.

A makon da na bar siton ne Sani ya kira. Ya ce masu mai sun fara naɗe wayarsu, sun aiko mutum da takarda, kowa ya dangwala yatsa cewa ya karɓi gonarsa. Ya ce, "Yaya, mu dangwala mu huta, kowa ya gaji." Na ce masa kada ya kuskura ya taɓa tawadar nan sai ya taka gonar da ƙafarsa. Na ce ya buɗe gafakar Alƙur'anin Baba, inda kika ɓoye takardarmu ta farko, ya haɗa da sabuwar ya kai wa jikarki Hajara, wadda ta karanta shari'a. Ita tamu ce, ba wanda ya kawo takarda ne zai fassara mana ita ba.

Hajara ta karanta. Sabuwar takardar cewa take yi mun karɓi ƙasa lafiya lau, ba mu da sauran magana har abada. Tsohuwar kuwa ta ce kafin su tafi za su kwashe tsakuwar da suka shimfiɗa, su cike ramin da suke zuba dagwalo, su toshe bakin rijiyar man da siminti. Ko ɗaya ba a yi ba. Da mun dangwala, da mun gaji fili mai tauri kamar kwalta, da rami mai warin da ko akuya ba ta kusantarsa.

Sai kuma abin da kika hango ya iso. Gonaki bakwai sun zama fili ɗaya, ba gamba, ba kunya, ba kututture. Sani ya rantse gonarmu ta kai har inda suka kafa tankin ruwa. 'Ya'yan Malam Barau suka rantse wurin nasu ne. Kin san 'yar Sani tana aure a gidansu. Har an fara cewa ta dawo gida tukuna sai an ga abin da hali ya yi. Na ce wa Sani ya tuna waƙar Inna. Ya ce shi "ga amarya" kaɗai ya riƙe. A mota nake a hanyar Shiling, garin masu ɗinka jaka, na rera masa ita tun daga kuka, da wannan muryar tawa ta tsohon rago. Direban ya rage rediyonsa yana leƙena ta madubi.

Ranar tono ina cikin masana'antar jaka a Shiling, la'asar a nan, hantsi a can. Hajara ta riƙe mini waya ina kallo. Ga dagaci, ga mutumin kamfani da hular kwano, ga Malam Barau an ɗauko shi a kujera, ido ya yi rauni. Aka kwanto igiyar rijiyarmu, rijiyar ba ta ƙara zurfi ba balle igiya ta yi ƙarya. Kudu biyu, aka fasa tsakuwa, aka yi ƙasa, ga baƙi. Gabas bakwai, ga ƙanensa. Kudu tara, ga autansu, har yanzu da baƙin hayaƙinki a jikinsa. Mai masana'antar ya zo da samfurin jaka a hannu, ya ga fuskata, ya ajiye mini shayi ya koma.

Yamma bakwai kuwa, Inna, igiya ta ƙare tun ba a kai tankin ba. Da saura fiye da igiya guda. Na ji Sani yana cewa ko dai takwas ne. Na ce bakwai ne, a haƙa. Aka haƙa. Diga ta yi ƙara, aka share ƙasa da hannu, ga dutsen niƙanki da lotsawarsa a tsakiya. Wurin da muke rantsuwa a kai na Malam Barau ne.

Sai tsohon ya ce a kai shi bakin ramin. Ya sa aka kama hannunsa ya shafa dutsen, ya ce, "Allah Ya jiƙan Uwar Sani. Ni na fi kowa yi mata dariya, ashe gonata take tsare mini." Sani ya cire hula ya ba 'ya'yan Malam Barau hannu. Daga duwatsunki sauran gidaje biyar suka ja igiya, kowa ya gano nasa kafin azahar. 'Yar Sani tana ɗakinta.

Ba mu sa hannu ba sai da aka kwashe tsakuwa, aka cike ramin dagwalon, aka toshe rijiyar man a gaban shaidu, Hajara tana ɗaukar hoto kamar tsohuwar nan tawa ta Shisanhang. Kwafi ɗaya na takardar yana wurin dagaci, ɗaya ya koma gafaka. Ba zan yi miki ƙarya ba, kusurwar da ramin yake har yanzu ko ciyawa ba ta fito ba. An rubuta cewa gyaranta yana wuyansu. Sauran gonar Sani ya zuba taki ya shuka wake, ya aiko mini hoto, ya yi kore shar.

Ya tambaye ni ko a kai dutsen niƙan gida a ajiye don tunawa da ke. Na ce a'a. A mayar da amarya ɗakinta, a rufe, a koya wa jikoki waƙar. Ba mu san wanda zai zo neman aro gobe ba.

Na gode, Inna. Na gode da digar da kika miƙa mini ranar da na zo da farar riga. Ki yafe mini gunagunin. Allah Ya yalwata kabarinki fiye da kudu tara da gabas bakwai, Ya haskaka shi, Ya haɗa ki da Baba a gidan da ba a karɓarsa haya, ba a kuma cika masa wa'adi. Amin.

Ni ne ɗanki na fari,
wanda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba.