Dabinon da Ka Shuka Ya Yi Fure

Daga yayanka Garba a Dutse zuwa ga ƙanena Habu a ƙasar gabas. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah.

Bayan haka, ƙwallon dabinon da ka binne inda muke alwala, shekarar da Nasara suka ci Kano ka yi gabas, bana ya yi fure. Shekara takwas yana shan ruwan butata. Na kira Baba Sambo mai hawan dabino, ya duba ya ce, "Malam, ai namiji ne, ba zai haihu ba. Wa ke shuka ƙwallo? Ɗa ake cirewa a gindin uwa. Sare shi."

Raina ya ɓaci, na ce kada wanda ya taɓa shi. Yanzu maƙwabta kan zo su yanki furensa don ɗaura wa matan dabinonsu, su yi godiya su tafi, su bar ni da shi a tsakar gida.

Ka gai da iyalinka, ka sa mu a addu'a. In kana da niyyar dawowa, ka zo tun ina iya ɗaga buta. Wassalam.