Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Ƙofar Galadima, Zariya, 4 ga Maris 1956

Zuwa ga ɗana Jalo a Badun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan karatu na tafiya daidai. Bayan haka, mujallar da ka buga tarihin limaman masallacinmu ta iso, kuma raina a ɓace yake. Ka jero 'ya'yan marigayi Liman Adamu: Mairo uwarka, Asabe, Rahmatu. Ni fa? Daga sama na faɗo?

Na san yadda aka yi. Kakarka Iya Batulu ka zauna da ita, ka ce ta lissafa 'ya'yanta. Kai ɗan gidan nan ne, ka taɓa jin ta kama sunan ɗanta na fari? Ta tsallake ni, kai kuma ka tsallake da ita.

Yanzu Sabo ɗan baffana yana yawo da mujallar zaure-zaure, wai agola ne ni, tunda a ƙauyen su Iya aka haife ni, ga shi har boko ya tabbatar. Dattawa za su naɗa sabon liman bayan Salla. Ka buga gyara.

Kawunka, Nasidi

Badun, 19 ga Maris

Kawu, Allah ya gafarta Malam,

Ina gaisuwa da ladabi. Na yi baƙin ciki ƙwarai. Sai dai ƙa'idar bincike ita ce a rubuta abin da mai ba da labari ya faɗa, ba ƙari. Kuma wannan rubutun ne aka duba ana shirin tura ni ƙaro ilimi Ingila. In na ce wa edita na yi kuskure yanzu, ban san abin da zai biyo baya ba. A yi haƙuri zuwa baɗi. Ai kowa ya san ku.

Naka mai biyayya, Jalo

Ƙofar Galadima, 2 ga Afrilu

Jalo,

Muna lafiya. Ƙa'ida! Mu a zaure, ɗalibi ba ya tashi da karatu sai ya maimaita wa malaminsa an ji daidai ne. Ka karanta wa wani a gidan nan kafin ka kai wa Turawa? Ni da ka ci tuwo da ni kwana tara da ka zo binciken, ba ka lura ba na cikin takardarka ba?

Kowa ya san ni, in ji ka. Waɗanda suka ci sunana duk sun rasu, takarda kuwa tana nan.

Jiya dattawa suka zo har ƙofar ɗakin Iya. Suka ce ba su karɓar "shi wannan" da take kirana, sai ta faɗi suna da bakinta. Shekara hamsin da takwas ba ta taɓa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa, har da sunan mahaifina. Tun daga nan ba ta fito tsakar gida ba, ko ido ba ta haɗawa da ni. Sabo kuma ya ce tsohuwa ce, an biya mata abin da za ta faɗa. Limancin ya tafi in zai tafi, na gaji.

Ka huta lafiya. Nasidi

Badun, 11 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Na kai wa edita gyara, na rubuta cewa kuskuren nawa ne, ban tantance ba. Zai fito a bugu na gaba, kafin Salla. Maganar Ingila ya ce a dakata.

Ga kwafi nan a kai wa dattawa. In za a karanta wa Iya, don Allah a tsallake layi na uku, inda sunanku yake. Ta riga ta ji sunan sau ɗaya a bakinta saboda ni.

A roƙa mini gafararta.

Jalo