Fanaretin Tela

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Ya baƙunta da sabon wurin aiki?

Tun da ka tafi ka bar mini usur da horar da ƙungiyarmu ta ƙwallo, 'yan wasa sai raguwa suke yi. Mai walda ya ce baya ke damunsa, direba ya ce aiki. Shugaban makaranta kuwa ya aiko cewa idan ba ma cika filin makarantar da yamma, zai ba wasu.

Na rasa dalili. Gudu da atisaye duk yadda ka bari suke. Abu ɗaya na cire, wato fanaretin da kake ba Tela a ƙarshen kowane atisaye. Mutumin da tumbinsa ke riga shi isa wurin ƙwallo, bai taɓa ci ba, ga duhu na yi. Don Allah mene ne hikimar? Tambayar ta hana ni sakat.

Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan murar da Anti ta ce kana yi ta sake ka. Amsarka ta iso, layi ɗaya, wai in tambayi gola.

Na same shi a shagonsa yana aski. Ya ce mutane sun wuni suna shan faɗan masu gida da na kwastoma, ba don su ƙara da nawa suke zuwa ba. Suna jure gudun ne don su ga ko yau Tela zai ci, a yi dariya, a tafi gida da labari.

Na mayar da fanaretin, fili ya fara cika. Har mai walda bayansa ya warke.

Jiya kuma Tela ya ci! Aka yi kansa za a ɗaga shi, ya ƙi. Ya rantse gola ne ya kauce don tausayi, shi kuma ba ya son sadaka. Ya ajiye ƙwallo da kansa ya sake bugawa, ta tsallake raga da katanga ta faɗa lambun makaranta. Mai gadi ya ce sai da safe za a ɗauko ta.

Tela ya tafi yana murmushi, ya ce gobe kowa ya zo da wuri. Ni dai har yanzu ban san ko gola kaucewa ya yi ba, na tambaye shi ya ce in zauna ya rage mini suma.

A gaida yara.

Ƙaninka,
Auta