Ɗinki a Bakin Haramina

Daren Laraba, watan Zulƙida, shekarar 'yancin kai.

Saura kwana huɗu mu tashi Makka, na buɗe adaka na iske an kalmashe bakin haramina da zare. Malam kuwa ya ce allura ba ta taɓa harami. Wa ke son ɓata mini hajji? Sai na zargi ƙanena Sanda. Tun da Baba ya zaɓe ni don wannan tafiya ya bar shi, ko a kasuwar Illo muka haɗu sai ya kau da kai. Har na miƙe in same shi, sai na kara yadin a fitila. Ɗinkin duk a karkace. Hannun Inna ne, ita da ba ta ganin kafar allura. Ga reza a hannuna, na kasa warwarewa.