Ba Zan Rubuta Sunan Hamidu Ba

Zuwa ga Mushe Darakta na bankin da nake amsar pansiyo, reshen Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina neman ka yi haƙuri da rubutun tsoho. Hannuna yana rawa yanzu, idona na dama kuma ya yi yana, shi ya sa layukan suke karkacewa.

Ni tsohon ma'aikacin kiwo ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina bin rijiyoyi daga Birnin Lalle har Tagriss ina yi wa shanu da raƙuma allura. Matata ta rasu, ɗiyata guda tana aure nesa, ni kaɗai nake cikin gida a nan Dakoro. Abin da nake ci da abin da nake sayen maganin hawan jini duk daga pansiyon nan suke fitowa, wanda ke shiga bankinku duk wata uku. Na rubuto muku sau biyu a rufe. Wannan ta uku na ba da ita a buga kowa ya gani, don maganar ta riga ta fita daga ɗakina ta shiga tasha, ta taɓa mutumin da bai ci ba bai sha ba.

Na farko, abin da ya faru. Bayan ƙaramar salla na aika a fiddo mini kuɗi, aka dawo mini da rasi yana nuna jika sittin da biyu na sefa sun yi ƙafa. Da na nemi takardar lissafi, sai na ga an cire su sau uku cikin kwana huɗu: jika goma sha tara, jika goma sha tara, sannan jika ashirin da huɗu. Gaban kowane akwai sunan wani kanti na ƙasar waje. Ma'aikacinku ya gaya mini ta salula cewa sayayya ce ta intanet, ta wasannin da ake yi a waya. Mushe Darakta, salulata mai maɓallai ce, lambobinta ma sai na kai ta bakin ƙofa nake ganinsu. Wasan da na sani dara ce, ita ma abokan yinta sun riga ni gidan gaskiya.

Na biyu, amsarku. Kun ce katin ya bar hannuna, don haka laifina ne. Gaskiya ne ya bar hannuna, ban ɓoye ba. Tafiyar Maraɗi ta fi ƙarfin ƙuguna. Mu bakwai ne tsofaffin ma'aikata a nan da muke ba Hamidu direba katunanmu in lokaci ya yi, ya ɗaure su da roba, ya fiddo wa kowa nasa, ya kawo da rasi a ninke cikin kuɗin. Hamidu ba yaro ba ne, ya ba hamsin baya. Ubansa makiyayi ne, na yi wa garkensa allura shekarar da ciwon huhu ya shiga shanu. Shekara shida yana yi mana wannan aiki, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Shi ke biyawa farmasi ya sayo mini magani. In ya kawo, sai ya zauna bisa tabarma ya sha ruwa, ya ba ni labarin hanya da farashin bisashe, ya yi mini tsiya wai na fi motarsa yawan zuwa gyara. Ban da liman da ke leƙo ni wani lokaci, shi ne mutumin da ke ɗaga labulen ɗakina.

Tare da amsar kun aiko takarda ta cikewa. Kun ce ba za a buɗe dosiyena, wato kundin ƙorafina, ba sai na kai ƙara gidan jandarma, na rubuta sunan wanda katin ya kwana hannunsa. Ma'aikacinku bai tsaya nan ba, ya kira Hamidu da kansa yana tsakiyar lodi a tasha, ya yi masa tambayoyi gaban fasinja. Washegari Hamidu ya bi gida gida ya maida wa kowane tsoho katinsa. Nawa ya ajiye mini bisa tabarma, bai zauna ba. Abin da ya ce kawai: "Baba, ga amanarka." Yau sati uku ban gan shi ba. Na ji a tasha yara masu lodi sun sa masa suna mai katin tsofaffi, kuma 'yan kasuwar da ke ba shi saƙon kuɗi sun fara ba wani.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na san inda ɓarakar take, kuma daga hannuna ta fito.

Mu da muka yi lakwal, makarantar boko ta zamanin da, an koya mana cewa takarda ba ta tafiya ita kaɗai. Kowace takarda a yi mata kwafi gaba da baya, a kai meri, ofishin magajin gari, a buga hatimi, a sa cikin dosiye. Haka na yi da takardar haihuwa, haka na yi da katin ɗan ƙasa, haka nake yi kowace shekara da takardar shaidar cewa ina raye. Ranar da kuka ba ni katin banki na ɗauke shi takarda kamar sauran. Na kai shi shagon fotokofi na kusa da kasuwa, na ce a yi mini shida, gaba da baya. Biyun farko sun fito baƙi, mai shago ya jefa su cikin kwali inda yake tara takardun da masu tsire da masu ƙosai ke saye. Ɗaya na bar a meri. Ɗaya na liƙa cikin dosiyen shaidar rai. Ɗaya na miƙa wa ma'aikacinku da ya zo rangadi Dakoro, ya amsa, ya duba gaba da baya, ya sa cikin jakarsa, har ya yaba mini tsari.

Ban san abin da na yi ba sai satin da ya wuce, da na lallaɓa farmasi da kaina. Ina laluben takardar likita cikin dosiye sai kwafin da ya rage mini ya faɗo, matar da ke sayar da magani ta ɗauka ta duba, ta tambaye ni mutum nawa ke da irinsa. Ita ta fahimtar da ni cewa mai sayayya ta intanet ba ya bukatar katin, ba ya bukatar lambar sirrin da kuka ce in riƙe kamar raina. Lambobin da ke gaba da ukun da ke baya sun ishe shi. Ashe ni na raba mabuɗin ɗakina gida shida, har da hatimin meri a kai.

Ban ce ma'aikacinku ne ba, ban ce mai shago ne ba, ban ce kowa ba. Allah ne ya san hannun da takardar ta faɗa. Amma ranar da aka ba ni katin an yi mini gargaɗi sau uku kan lambar sirri, ba wanda ya ce mini uffan kan lambobin baya. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son a buɗe mini sayayyar intanet, a buɗe na same ta. Saƙon da kuka ce kuna aikowa in an taɓa kuɗi bai taɓa shigowa salulata ba. In wautata ta ɗauki kashi guda, ina ganin shirunku ya ɗauki kashi guda.

Ga abin da nake roƙo. A rufe wannan kati, a ba ni wani wanda ba ya sayen komi sai fidda kuɗi. A bi sawun cirewar nan uku ta wajen kantunan da suka amsa, tunda ku kuna da hanyar tambayarsu, ni ba ni da ita. In bincike ya nuna haƙƙina ne, a maida mini, don maganin wata biyu ne da hatsin damina. Ku kuma gaya wa sauran tsofaffi da Hausa, baki da baki, kada su yi wa kati fotokofi. Na tambayi sauran shidan nan, huɗu sun yi yadda na yi.

Sai babban roƙon. Ina son takarda daga biro ɗinka, wato ofishinka, ko layi biyu ne, da sa hannunka da hatimi, mai cewa banki ba ya tuhumar Hamidu direba da komi. Zan sa a ɗora ni bisa amalanke a kai ni tasha ranar kasuwa, in ba sarkin tasha ya karanta da ƙarfi, inda aka yi masa tambayoyin. Mutanenmu suna girmama hatimi, ni ne shaida.

Takardarku ta cikewa tana haɗe da wannan. Na cika ko'ina, na sa hannu, sai layin da kuka ce a rubuta sunan wanda ake zargi, na bar shi fari. In dokarku ta ce dosiye ba ya buɗuwa sai da suna a wurin, to ku rufe shi, jika sittin da biyun na bar su. Na saba da kunu ba sukari. Shekaruna sun kai inda ba zan so in tashi gaban Allah da sunan bawansa a rubuce da hannuna kan abin da na san bai yi ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da zaluntar wani bisa rashin sani, ya ba ka tsufa cikin mutane.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,
Malam Sanda, tsohon ma'aikacin kiwo, Dakoro.